Baba ya ƙi allurar huhu: gwajin jini zai wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina shekarunsa 66. Ya sha taba kusan shekara 30, amma ya daina shekara takwas da suka wuce. Wata uku ke nan yana fama da tari, yana ta ramewa. An gwada kakinsa, ba a ga tarin fuka ba. Hoton CT ya nuna kumburi mai faɗin santimita 4 a huhunsa na dama, ga kuma ruwa ya ɗan taru a gefen huhun. Likita ya ce sai an sa allura an ɗebo tsokar wurin an duba. Baba ya ce sam, wai ya ji da zarar ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya bazu. Na karanta cewa yanzu ana gano sankarar huhu ta hanyar binciken ƙwayoyin gado a jini. Za mu iya yin wannan a madadin allurar? Idan sakamakon ya nuna babu komai, mu kwantar da hankalinmu? Kuma ni da yayyena, ya kamata mu ma mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan tsayuwar da kika yi masa.

Gwajin da kika karanta gaskiya ne, kuma mai yiwuwa Baba ya amfana da shi ƙwarai. Sai dai ba ya ɗauke wa mutum duba tsoka. Idan ya ga wani abu, mafi yawanci ana aiki da abin da ya gani. Idan bai ga komai ba, bai wanke huhun Baba ba ko kaɗan, kuma nan ne muka fi jin tsoro a kanku: a karɓi takarda mai cewa "ba a ga komai ba", a koma gida da murna, kumburin yana can yana girma.

Ga yadda abin yake aiki, don ki ga dalili da kanki. Kullum ƙwayoyin jikin mutum suna mutuwa, sababbi suna maye gurbinsu. Idan ƙwaya ta mutu, guntattakin DNA ɗinta, wato rubutun gadon da ke cikinta, kan zuba cikin jini. Tun 1948 wasu masana biyu a Faransa, Mandel da Métais, suka ba da rahoton ganin irin waɗannan guntattaki a jinin mutane. Ƙanana ne ainun, tsawon mafi yawansu bai wuce harafin gado 170 ba, kuma ba sa daɗewa: cikin 'yan mintoci zuwa kamar awa biyu jiki ya share rabinsu. Ƙwayoyin sankara ma suna zubar da nasu, kuma nasu na ɗauke da kurakuran rubutun da suka mayar da su sankara. Aikin ɗakin gwaji shi ne ya tsinto waɗannan daga cikin tarin na lafiyayyun ƙwayoyi, waɗanda mafi yawansu daga fararen ƙwayoyin jini suke fitowa.

Lissafin ne ke nuna inda gizo yake saƙa. Kwalba biyu na jini ake ɗiba, kowace kusan mililita 10. Bayan an ware ƙwayoyin, abin da ke saura na ruwan jini bai fi mililita 8 zuwa 10 ba. A cikin wannan, kwafin kowace ƙwayar gado da za a iya samu yana kaiwa dubu goma zuwa dubu ashirin, ya danganta da mutum. Idan rabon sankara ɗaya ne cikin dubu, to kwafi goma zuwa ashirin kacal ke cikin kwalaben, kuma na'ura mai kyau za ta iya kama su. Idan ɗaya ne cikin dubu goma, abin da ke faruwa sosai a farkon ciwo, kwafi ɗaya ne ko biyu, wani lokaci ma ko ɗaya bai shigo kwalbar ba. Duk ƙwarewar na'ura, ba za ta karanta abin da bai zo gabanta ba. Mai kamfatar ruwan kogi da ƙwarya, in bai ga kifi a ƙwaryarsa ba, ba zai rantse kogin ba kifi ba.

Shi ya sa ko a marasa lafiyar da ciwonsu ya riga ya yi nisa, cikin mutum 100 da tsokarsu ta nuna wani sauyin gado, wato kuskure a rubutun gadon, jini kan kasa nuna shi a wajen 20 zuwa 30. Ƙaramin kumburi, ko ciwon da bai fita daga ƙirji ba, ko wanda ya je ƙwaƙwalwa kaɗai, duk ba sa zubar da DNA mai yawa a jini. Gwaji na farko irin wannan da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016, mai suna cobas EGFR, a ƙa'idarsa an rubuta cewa wanda jininsa bai nuna komai ba a koma ga tsokarsa. Manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya a 2020, Guardant360 CDx da FoundationOne Liquid CDx, masu duba ƙwayoyin gado da dama a lokaci guda, su ma da wannan gargaɗin suka zo. Dukansu an yi su ne don mutumin da an riga an tabbatar yana da sankara, ana neman maganin da zai fi dacewa da shi.

Baba kuwa har yanzu ba a tabbatar ba. Kumburin santimita 4 a huhun wanda ya daɗe yana shan taba abin ɗauka da muhimmanci ne, ba za mu ɓoye miki ba. Amma tarin fuka na iya fitowa a hoto kamar ƙari ko da kaki bai nuna shi ba, haka wasu cututtukan fangas, haka ƙurji, haka sankarar da ta taso daga wata gaɓa ta sauka a huhu. Mai rarrabe waɗannan shi ne likitan da ke sa yankin tsoka a ƙarƙashin madubin likita ya ga surar ƙwayoyin da idonsa. In ma sankarar huhu ce, ba iri ɗaya ba ce. Kusan kashi 15 cikin 100 mai ƙananan ƙwayoyi ce, mai saurin yaɗuwa, wadda ake fara tunkara da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, sau da yawa haɗe da gasa wurin ciwon da hasken na'ura. Sauran kashi 85 kuma sun sake rabuwa gida-gida, kowane da tsarin maganinsa. Akwai kuma wani sinadari mai suna PD-L1 da ake aunawa a jikin tsokar, wanda ke taimaka wa likita ya san ko maganin zaburar da garkuwar jiki zai yi tasiri. Gwajin DNA na jini ba ya ba da wannan amsa.

To ina amfanin jinin? Yana da yawa, kuma muna so ki nemi a yi shi in akwai hali. A cikin shekaru ashirin da suka wuce an gano cewa wasu nau'o'in sankarar huhu sauyi guda ɗaya ne ke tuƙa su, kuma akwai ƙwayar magani ta haɗiya da ke toshe wannan sauyin kai tsaye. Mafi shahara shi ne na ƙwayar gado mai suna EGFR, wanda ake samu a kashi 10 zuwa 15 na masu nau'in sankarar huhu da ake kira adenokasinoma a Turai, amma ya kai kashi 40 zuwa 50 a gabashin Asiya. Maganinsa da aka fi farawa da shi yanzu osimertinib ne. Akwai ALK, kusan kashi 3 zuwa 5, mai magunguna irin su alectinib. Akwai ROS1, RET, MET, BRAF da wasu. Akasarin waɗannan sun fi yawa a waɗanda ba su taɓa shan taba ba, amma ana samunsu a tsofaffin mashaya ma, don haka tarihin Baba ba dalilin tsallake gwajin ba ne. A masu tarihi irin nasa an fi cin karo da sauyin KRAS, kuma wani reshensa mai suna G12C ya samu magani tun 2021.

Sakamakon jini kan fito cikin kwana bakwai zuwa goma daga isarsa ɗakin gwaji, na tsoka kuwa, daga ɗiba zuwa cikakken binciken gado, yakan ci mako biyu zuwa uku ko fiye. Ga shi sau da yawa ɗan abin da allura ta ɗebo kan ƙare wajen tantance nau'in ciwon, ba a rage na binciken gado ba. Saboda haka abin da muke ba da shawara shi ne a tura biyun tare: ranar da za a ɗebi tsoka ko kafinta, a ɗebi jini. In jini ya nuna sauyin EGFR na gaske, tsoka kuma ta tabbatar da sankara ce, likita zai iya fara magani ba tare da ƙarin jira ba. In jini ya yi shiru, ana jiran tsoka. Wani abu da ya kamata ki riƙe: in dai jikin Baba zai jure jira, kada a yi gaggawar fara maganin garkuwar jiki kafin sakamakon EGFR da ALK ya fito. Masu waɗannan sauye-sauye ba su cika amfana da shi ba, kuma ba da osimertinib jim kaɗan bayansa na ƙara haɗarin kumburin huhu mai tsanani.

Jini na iya kuskure ta ɗaya ɓangaren ma. Yayin da mutum ke manyanta, wasu ƙwayoyin ɓargonsa kan samu sauyin gado su hayayyafa, ba tare da wata sankara ba. Ana ganin haka a kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda suka haura shekara 70, kuma shan taba na ƙara shi. Sunayen da suka fi fitowa su ne DNMT3A, TET2 da ASXL1, wani lokaci har TP53. Tun da mafi yawan DNA ɗin da ke yawo a jini daga fararen ƙwayoyin jini yake, waɗannan sauye-sauye kan bayyana a takardar sakamako, wanda bai sani ba ya ɗauka daga huhu suke. Ɗakin gwaji mai kyau kan gwada fararen ƙwayoyin daban ya cire nasu, ko ya yi alama a kansu. Ki tambaya ko suna yin haka. Mutum mai shekarun Baba, jininsa ya nuna TP53 kaɗai, wannan bai isa a ce masa yana da sankarar huhu ba.

Yanzu ga ruwan da kika ce ya taru a gefen huhu, wanda a ganinmu shi ne ƙofar da ta fi sauƙi ga Baba. In ruwan ya kai yawan da za a iya zuƙa, ana kashe fatar bayan haƙarƙari da allurar kashe zafi, a duba wurin da na'urar sikanin, a sa siririyar allura tsakanin haƙarƙari biyu a zuƙo. Allurar ba ta zuwa kan kumburin, a cikin ruwan take tsayawa. Mililita 50 zuwa sama ake so a tura ɗakin gwaji, in kuma ruwan na da yawa ana rage shi don numfashi ya sake, amma ba a wuce lita ɗaya da rabi a zama guda. Daga wannan ruwa ana neman ƙwayoyin sankara a madubi, ana gwada tarin fuka, kuma ana iya binciken DNA, wanda a ruwan da sankara ta haifar yakan fi na jini yawa nesa ba kusa ba, tun da yana manne da ciwon. A ɗiban farko ana ganin ƙwayoyin a kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda ruwansu na sankara ne, don haka shi ma shirunsa ba wankewa ba ne. Ki roƙi a dunƙule ƙwayoyin da aka tace a adana su a cikin kakin kyandir na ɗakin gwaji, kada a zubar da ruwan saman, don in an buƙaci ƙarin bincike ba sai an sake sokar Baba ba. Ki kuma shirya zuciyarki: in an ga ƙwayoyin sankara a ruwan, ana lissafa ciwon a mataki na huɗu, wato wanda ya riga ya bazu, abin da ke nufin magani zai karkata ga ƙwayoyi da ƙarin ruwa maimakon tiyata. A irin wannan matakin ne kuma binciken gado ya fi amfani.

Sauran ruwayen jiki kowanne da wurinsa. Ruwan laka, wanda ake ɗiba ta ƙashin baya, ana komawa gare shi ne in ana zargin ciwon ya kai rufin ƙwaƙwalwa, domin abin da ke can ba ya fitowa jini sosai. Kaki, fitsari da ruwan wankin hanyoyin iska duk ana nazarinsu, amma ba su kai matsayin da za a gina maganin mutum a kansu su kaɗai ba.

Tsoron Baba kada a raina shi. Maganar tana da tushe a abin da mutane ke gani: ana yawan zuwa asibiti ne bayan ciwo ya riga ya yi nisa, sai a ɗebi tsoka, bayan 'yan makonni jiki ya rikice, a ɗora wa allura laifin abin da ya daɗe yana tafe. Bin sawun allura da ƙwayoyin sankara ke yi yana faruwa, amma da wuya ƙwarai, bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Haɗarin da ya fi kusa shi ne iska ta shiga tsakanin huhu da bangon ƙirji huhun ya ɗan lotsa. Wannan kan samu kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka soka ta ƙirji, mafi yawansu yana warwarewa da kansa, kaɗan ne ake sa wa bututu na 'yan kwanaki. Wanda taba ta riga ta raunana huhunsa ya fi fuskantar wannan, shi ya sa ake riƙe mutum na wasu awoyi a sake ɗaukar hoto kafin a sallame shi. Akwai kuma hanyar da ba ta bi ta ƙirji: siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki ko hanci bayan an ba da maganin barci, a gutsuro daga kumburin in yana kusa da hanyar iska, ko daga kaluluwar tsakiyar ƙirji. Ki tambayi likita wacce hanya ta fi dacewa da inda kumburin yake, kuma ki gaya masa duk maganin tsinka jini da Baba ke sha, kamar warfarin ko clopidogrel, don wasu sai an dakatar da su kwanaki kafin aikin, bisa umarninsa kawai.

Wajen shawo kan Baba, kada ku taru a kansa. Ki nemi likita ya zauna da shi ya nuna masa hoton, ya nuna masa ainihin allurar da girmanta, ya bar shi ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Dattijo ya fi yarda in ya ji shi ne ya yanke shawara. In bayan duk wannan ya dage, ko likitoci suka ga jikinsa ba zai ɗauki aikin ba, to a nan gwajin jini kaɗai ya fi a zauna ba a yi komai ba, kuma likitan sankara zai auna sakamakonsa tare da hoton. Hanya ce ta dole, kowa ya san da haka kafin a bi ta.

Ɗibar jinin kanta akwai inda take lalacewa, kuma yawancin sakamakon banza daga nan yake farawa. Ba a buƙatar zama da yunwa. A ɗiba kafin a fara kowane maganin sankara, domin magani na rage abin da ake nema. In kamfanin gwajin ya aiko da kwalabensa masu sinadarin adanawa, su za a yi amfani da su, a cika su har layi, a juya su a hankali sau takwas zuwa goma, ba girgizawa. Irin waɗannan kan riƙe jini kusan mako guda a yanayin ɗaki. Ba a sa su a firiza, ba a bari su yi zafi a mota ko a rana. In kwalbar gama-gari ce mai sinadarin EDTA, wadda aka fi sani da jan-shuɗin murfi, dole a ware ruwan jinin cikin awa huɗu zuwa shida, a wulwula shi a na'ura sau biyu, a daskarar da shi. In aka yi jinkiri, fararen ƙwayoyin jini kan fashe su zubar da nasu DNA, su nutsar da ɗan na sankarar, sakamako ya fito fes alhali ba haka ba ne. Kwalba mai sinadarin hefarin ba ta yi, tana hana gwajin tafiya. A kuma sanar da ɗakin gwaji in an yi wa Baba ƙarin jini kwanan nan.

Idan takardar ta fito, kada ki tsaya a kan layin farko. Ki tambayi likita ƙwayoyin gado nawa aka duba, domin gwajin EGFR kaɗai bai ce komai ba game da ALK ko ROS1, kuma su waɗannan biyun sun fi wuyar kamawa a jini. Ki tambaya ko an ga alamar DNA ɗin sankara a samfurin gaba ɗaya. "Ba a ga sauyi ba" a jinin da ke ɗauke da DNA ɗin sankara mai yawa yana da nauyi, a jinin da ba a ga ɗigonsa ba kuwa ba shi da wani nauyi. Akwai kuma lambar da ke nuna kashi nawa ne na DNA ke ɗauke da sauyin. In ta tsaya kusa da kashi 50, akwai yiwuwar mutum da shi aka haife shi, sai a tabbatar da wani gwaji daban. Gaba kuma, in an fara magani ya yi aiki sannan ya daina, ana iya maimaita gwajin jinin don ganin sabon sauyin da ciwon ya ɓullo da shi, kamar T790M da ke bayyana a fiye da rabin masu shan tsofaffin magungunan EGFR.

Kafin duk wannan ya kammala, in Baba ya yi tarin jini fiye da ɗigo-ɗigo, ko numfashi ya ƙara yi masa wuya farat ɗaya, ko fuska da wuya suka kumbura, ko ƙafafu suka yi rauni tare da ciwon baya, ko ya fara ruɗewa, a kai shi asibiti a ranar, ba a jiran sakamako.

Ke da yayyenki kuwa, sauye-sauyen da ake nema a wannan gwaji kusan dukansu a cikin ƙarin suka samu, ba a gadonsu daga uba zuwa ɗa. Samun mahaifi mai sankarar huhu na ɗan ƙara haɗarin 'ya'ya, amma gwajin jini ba shi ne hanyar sa ido ba. Gwaje-gwajen da ake tallatawa cewa suna gano sankara iri-iri a jinin mai lafiya suna da rauni daidai inda ake buƙatarsu. A binciken da aka wallafa a 2021 kan wanda ake kira Galleri, ya kama kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai na sankarar da ke mataki na ɗaya. Abin da aka tabbatar yana rage mutuwa shi ne hoton CT mai ƙarancin haske sau ɗaya a shekara: babban binciken Amurka da aka fitar a 2011, mai mutum sama da 53,000, ya nuna raguwar kashi 20 cikin 100 in an kwatanta da hoton ƙirji na yau da kullum. Shi ma ba na kowa ba ne. Ƙa'idar Amurka ta 2021 ta ware shi ga masu shekara 50 zuwa 80 da suka sha kwatankwacin kwalin taba ɗaya a rana na shekara 20, kuma suna sha har yanzu ko ba su kai shekara 15 da dainawa ba. In akwai wanda ya shiga wannan sahu a cikin yayyenki, ya yi wa likita maganar hoton. In akwai mai sha a cikinsu, ya nemi taimakon dainawa yanzu, akwai magunguna da ke sauƙaƙa ta. Wanda kuma tari ya wuce masa mako uku, ko ya ga jini a kaki, ya je a duba shi ko bai taɓa kunna sigari ba.